Na Dogara da Zuciyata, Na Kashe Inabin Yayana

Assalamu alaikum. Shekaru bakwai da suka wuce ni saurayi ne ɗan shekara ashirin da bakwai, ƙaƙƙarfa, mai ji da kansa, a wani ƙauye da ke ƙasar Kudan. Sana'ata ƙwadago. In kakar rake ta kama ina can wajen Gubuchi muna sara muna ɗaurewa muna loda wa motoci, in ta wuce in gangara Paki ko Ikara lodin buhunan masara da barkono. Aikin nan yana da hali guda, kuma halin ne ya shiga jinina. Kwana biyu ko uku za a yi ana aiki kamar za a mutu, mota ta cika ta tashi, a sallame ku, sai ka samu gindin bishiya ka miƙe ƙafa har wata motar ta zo. A wannan fagen ba na jin akwai wanda ya sha gabana a lokacin. In aka yi gayya a garinmu, ni nake fara kai kunyata ƙarshen gona in juyo ina yi wa sa'o'ina dariya. Bakina kuma babu linzami. Na sha faɗa a majalisa cewa ni in na ga dama, aikin mutum uku zan gama kafin la'asar, kuma gaskiya nake faɗa. Sai dai ba kullum nake ganin damar ba, kuma a lokacin ban ɗauki wannan a bakin komai ba.

Yayana, wanda muke ciki ɗaya, ba haka yake ba. Ya girme ni da shekara goma sha biyu, shi ya riƙe ni bayan rasuwar iyayenmu, kuma har a lokacin a shagon ƙofar gidansa nake kwana, tuwon matarsa nake ci. Siriri ne, mai ciwon ƙirji tun yana yaro, buhu ɗaya in ya ɗaga sai ya nemi wuri ya zauna. Amma shi ne ya kafa gonar inabi a bakin fadamarmu, layi ashirin da huɗu, ya yi shekara biyar yana renonta. Wanda bai san inabi ba zai ɗauka kamar mangwaro ne, ka dasa ka manta. Ba haka yake ba. Sai an kafa sanduna an ja waya an yi masa rumfar da zai hau. In damina ta ja baya a datse rassansa tas, to daga ranar da sabon toho ya ɓullo har ranar yanka, wajen wata huɗu, ba ya yafe wa mai shi fashi. Yana son ruwa daidai gwargwado, yana son feshin magani a ranar da ya kamata da sanyin safiya, yana son a ɗaga ganye a duba bayansa kullum saboda wata cuta mai kama da barbaɗin gari. Ba aikin ƙarfi ba ne, shi ya sa na raina shi. Nakan tsokani Yaya in ce wannan ai tsintar tsakuwa ce a shinkafa, shi kuma ya yi murmushi ya ci gaba da abin da yake yi.

Akwai wani dattijo da gonarsa ke jikin ta Yaya, a rijiya ɗaya suke jan ruwa. Sa'an mahaifinmu ne, Baba muke ce masa. Tsarinsu ya daɗe yana ba ni dariya. Injin ban ruwa na Yaya ne, mesar da ake jan ruwan da ita kuma ta Baba ce, kowanne ba ya amfani sai da ɗan'uwansa. Kullum ana idar da sallar asuba Baba zai tsaya a ƙofar gidanmu da mesar a naɗe a bayan kekensa, ya kaɗa ƙararrawa sau biyu. Ba ya kiran suna, ba ya kuma tafiya. Yaya ya fito ya ɗaura injin a mashin su wuce. Ko ranar da babu ban ruwa tare suke tafiya, su duba ganye su yi feshi, hantsi na ɗagawa su dawo. Ni da ke kwance a shago, ƙararrawar nan ta sha katse mini barci mai daɗi. Na taɓa ce wa Yaya, wai mesa nawa take da zai shekara biyar yana jiran ta wani, ya ce mini ai ta Baba ba ta huje ba tukuna. Na ɗauka tsumulmula ce irin tasa.

A shekarar da nake magana, Yaya ya datse inabinsa, toho ya fara fitowa ke nan, ina Gubuchi aka kira ni a waya aka ce ya faɗi a wurin alwala. Muka kai shi asibiti Zariya muka yi kwana tara, Baba ne ya riƙe gonar tare da tasa. Muka dawo da shi ɓarin jikinsa na dama a shanye, harshensa ya yi nauyi, magana sai ɗai-ɗai. Likita ya ce mana akwai fata. Ya ce in dai za a riƙa kawo shi gashin ƙashi duk mako ba fashi, yana sa ran zai tashi ko da sanda ne, amma in aka yi sakaci jijiyoyin suka sandare, to sai dai haƙuri. Abin da ke gidan asibiti ya riga ya cinye. Matarsa ta sayar da awakinta, abin da zai riƙe mu 'yan watanni, daga nan kuma babu abin dubawa sai inabin nan. Kowa ya san haka, shi ma ya sani. Ranar da muka dawo ya kama hannuna da hannunsa na hagu, ya daɗe yana fama kafin ya iya ce mini gonar tana wuyana. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, in dai ina numfashi bana zai ga inabin da bai taɓa gani ba. Wallahi da zuciya ɗaya na faɗa, har hawaye na yi.

Makon farko na bi Baba, amma raina a ɓace. Tafiyarsa a keke kamar hawainiya, in mun isa kuma a tsaya ana ɗaga ganye ɗaya-ɗaya. Abin da ya fi ƙona mini rai, hantsi na yi zai ce a tashi, alhali ni lokacin jinina ya fara ɗumi. Na ce a raina, mutum da ƙarfinsa ba za a ɗaure shi a ƙafar tsoho ba. Ranar kasuwar Makarfi na je na sayo mesa sabuwa fil, na dawo ina jin na yi abin kai. Da yamma na sami Baba a ƙofar masallaci na ce masa ya huta da zuwa ƙofarmu, na sauƙaƙe masa, duk ranar da yake son inji ya zo ya ɗauka. Ya dube ni ya tambaye ni ko na shawarci yayana. Na ce ai mara lafiya ba a ɗora masa irin wannan ƙaramar magana. Ya ce to, Allah ya ba da sa'a, amma in sani inabi ba rake ba ne. Bai kuwa taɓa zuwa ɗaukar injin ba, na surukinsa ya koma arowa. Washegari na je gonar ni kaɗai na yi aiki tun asuba har azahar ta gota, na nome ciyawa tas, na ɗaɗɗaure wayoyin da suka saki, na gyara shinge. Masu wucewa suna ta yi mini sannu, suna cewa yanzu gonar ta samu namiji.

Kwana uku na yi a haka, rana ta huɗu na tashi jikina kamar an yi mini duka. Na ce bari in huta yau, ai na yi aikin mako a gaba. Babu wanda ke tsaye a ƙofa, na dawo daga masallaci na koma na ja bargo. Wannan barcin shi ne mafari. Bayan kwana biyu wani abokina ya kira ni daga Gubuchi ya ce motoci sun zo babu hannu, in zo kwana biyu kawai. Na lallashi kaina da cewa gidan ma yana bukatar cefane, in na dawo zan rama. Kwana biyu suka zama huɗu. Na dawo na ba gonar ruwa har ya kwanta, na yi rantsuwa tsakanina da Allah daga gobe ba fashi. Na riƙe rantsuwar kwana biyu. Haka na yi ta yi kamar wutar kara, in zuciya ta taso in yi aiki kamar mahaukaci, in ta kwanta in kwanta tare da ita. Kada mai karatu ya ɗauka ban damu ba, na damu ƙwarai. Kullum da yamma sai na zagi kaina, in ce gobe tun kafin kiran sallah zan tashi, har wayata nakan saita ta tashe ni. To amma waya ba a jin kunyarta, da yatsa ɗaya nake kashe ta in juya.

Kullum bayan magariba nakan shiga gaida Yaya, yana kwance a rumfar tsakar gida, tambayarsa ɗaya ce, ya gonar. In ce masa lafiya lau, toho ya yi tsawo, fure ya fara. Da farko abin da na gani nake faɗa, daga baya na koma faɗin abin da nake zato, daga ƙarshe kuma ƙarya tsagwaronta. Yakan dube ni ya gyaɗa kai ya rufe ido. Matarsa ce ta fara yi mini magana. Mace ce mai kawaici, tun ina yaro take wanke mini kaya, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Wata rana ta miƙo mini tuwo ta ce ta ga takalmin aikina kwana biyar yana nan inda na ajiye shi, ko laka babu a jikinsa, ko dai ba ni da lafiya ne. Maimakon in ji kunya sai na hau ta da faɗa. Na ce ashe ƙirga mini sawu ake yi a gidan nan, ni da na bar neman kaina nake bautar gonar wani. Na ture kwanon na fita. Har yau in na tuna na kira ta gonar wani sai in ji kamar in tsaga ƙasa in shige, gonar mutumin da ya ciyar da ni tun ina ɗan shekara tara. Ba ta sake yi mini maganar ba, washegari ma na tarar da kokona a ƙofar shago kamar kullum.

Fashi mafi tsawo da na yi kwana tara ne, kuma ya faɗo daidai lokacin da inabin ke fure, ga raɓa mai nauyi a fadama. Sau biyu Baba ya tare ni a masallaci ya ce in leƙa gonar, ganyen ya fara canzawa, na ce masa gobe in sha Allahu. Ranar da na koma, tun daga bakin shinge na hango ɓarnar. Ganyen ya yi ɗigo-ɗigon rawaya, na ɗaga ɗaya na ga bayansa fari fat, na bi layi-layi ina ɗagawa, duk haka. A nan ne fa na yi babban kuskuren, domin har a lokacin da na nemi shawara da an ceci wani abu. Amma sai zuciyar nan tawa ta taso, ta ce mini abin da kwana tara suka ɓata yini ɗaya zai gyara in dai an sa ƙarfi. Inda Yaya ke zuba murfi ɗaya na magani a famfon feshi na zuba uku, na haɗa da wani maganin ƙwari da na gani a bukkar gonar, wai in rama feshin da na tsallake gaba ɗaya. Rana ta take, na goya famfon na shiga fesawa har ganyen yana ɗiga. Wani ya je ya gaya wa Baba, ya zo har bakin shinge yana ɗaga mini hannu yana cewa in dakata in zo mu yi magana. Na yi kamar ban ji ba. Da na gama na kunna inji na sakar wa gindin ruwa har la'asar, ƙasa ta zama taɓo.

Bayan kwana uku gonar ta koma kamar an bi ta da wuta, ganye ya ƙone ya murɗe, furen ya zube ƙasa baƙi ƙirin. Garin neman gira na rasa ido. Na zauna a bakin rijiya na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifiyarmu. Layi tara suka bushe har gindi, sauran sun sake toho daga baya amma 'ya'yan tsilli-tsilli ne, masu tsami, ko tsuntsu ba ya waiwayarsu. Kuma ban faɗa a gida ba. Wata biyu ina shiga bayan magariba ina cewa lafiya lau. Na roƙi Baba ya rufa mini asiri, ya ce shi ba zai kai magana ba, amma in aka tambaye shi ba zai yi ƙarya ba. Mutanen gari duk sun sani, masu zuwa dubiya sai su yi ta zancen wani abu daban. Da lokacin yanka ya zo, motocin 'yan sari suka fara bi ta bayan gidanmu suna wucewa fadama, ana jin ƙararsu har tsakar gida. Rana ta uku Yaya ya ce a kai shi gonarsa. Na ce hanya ba ta da kyau, ya ce a kai shi. Na ce a bari jikinsa ya ƙara ƙwari, ya ce a kira masa Baba.

Haka muka ɗora shi a mashin, ina tuƙi, Baba yana bayansa yana riƙe da shi, ƙafarsa ta dama muka ɗaure da ƙyalle don kada ta ja ƙasa. Muka shimfiɗa masa tabarma a ƙarƙashin rumfar layukan da suka bushe, inda a da ko rana ba ta ratsawa, ranar kuwa inuwar waya ce kawai a jikinsa. Ya daɗe yana kallo. Ya ce a matsar da shi kusa da wani gindi, ya sa farcen hannun hagu ya kankare ɓawon, ya ga ciki ya bushe, ya sa aka matsar da shi na gaba. Sai da ya duba biyar sannan ya bari. Na durƙusa a gabansa na faɗi komai, fashin da ƙaryar da maganin, ina jira ya tsine mini, wallahi da ya fi mini sauƙi. Bai yi ba. Da harshen nan nasa mai nauyi, yana yi yana hutawa, ya ce mini shi tun safiyar da ya daina jin ƙararrawar keke ya san abin da zai faru. Ya ce ya so ya yi magana, amma mutumin da ake juyawa a shimfiɗa ana ba shi abinci a baki, da wane baki zai yi wa mai ɗawainiya da shi faɗa, kuma bai so ya kunyata ni a gaban matarsa ba.

Sannan ya faɗa mini abin da ban taɓa zato ba. Ya ce in daina ganin kamar shi mai himma ne, duk gidanmu babu wanda ya kai shi son barcin safe, kuma a shekara biyar ɗin nan safiyoyin da ya tashi yana marmarin zuwa gona ba su fi a ƙirga ba. Ya san halinsa, shi ya sa bai yarda ya bar zuwa gona a hannun zuciyarsa ba. Da gangan ya ƙi sayen mesa, Baba ma da gangan ya ƙi sayen inji, sun yanke wannan shawarar tun ranar da suka haƙa rijiyar. Ranar da ba ya son tashi, kunyar barin sa'an ubansa tsaye a ƙofa ita ke tayar da shi. Ranar da gwiwar Baba ke ciwo, tunanin gonar wani za ta wuni da ƙishi saboda shi ne ke ɗora shi a keke. Ya ce ni ban fi shi lalaci ba, igiyar da ke jansa kawai na tsinke na ce zan ja kaina da kaina. Baba yana gefe yana share ido da bakin rigarsa, ya ce shi ma yana da laifi, da ya ci gaba da zuwa ko da zan zage shi, amma ya ji zafin korar da na yi masa. Muka ɗauko Yaya muka dawo gida.

Gyaran da na yi ba da rantsuwa na fara shi ba, na gaji da rantsuwa. Na naɗe mesar nan na ba wani abokin lodina ɗan Kurmin Kogi mai lambun tumatir, na zaɓi mai nisa don kada wata rana in je aro. Na je na durƙusa wa Baba na roƙe shi ya dawo ƙofarmu. Ya yarda, amma ya ce duk abin da za a yi gobe a shirya shi yau kafin a bar gona, a cika duro da ruwan feshi, a zuba wa inji mai, don kada safiya ta same ni ina shawara da kaina. Sharaɗin da ya fi ba ni wuya kuwa shi ne, hantsi na yi a tashi, ko da ƙarfi yana zuba a jikina. Ya ce gara in bar aiki ina marmarinsa da in ƙarar da ƙarfin gobe a yau. Ni ma na daina komawa shago bayan asuba, a dakalin ƙofar gida nake zama in jira shi, domin na gane in dai bayana ya taɓa katifa an gama. Abokaina na Gubuchi kuma na faɗa musu a gaban jama'a cewa daga datse inabi har yanka kada wanda ya kira ni, yadda in na je da ƙafata za a yi mini dariya. Ba zan yi muku ƙarya ba, har gobe akwai safiyar da ba na son fita, sai dai yanzu ba a tambayata ra'ayina.

Amma gyaran ya zo a makare. Abin awakin ya ƙare. Zuwa Zariya ya koma mako biyu sau ɗaya, ya koma wata-wata, daga nan muka daina. Da safe ina gona, da rana ina duk inda aka ce akwai lodi a kusa, amma abin ƙwadago na baki ne, ba ya ɗaukar shatar mota da magani. 'Yan'uwa sun taimaka iya ƙarfinsu, kowa da nasa nauyin. Muna ji muna gani hannun Yaya ya naɗe, ƙafar da ta fara motsi har yana dafa bango ya tsaya, ta koma ta sandare. Ranar da muka samu muka sake kai shi, likitan ya tambaye mu me ya sa muka bari haka. Na sunkuyar da kai na bar matarsa da amsawa, ita kuma ta ce hali ne bai yi ba. A tsakiyar daminar da ta biyo baya Allah ya yi masa rasuwa, ina dawowa daga gona da hantsi na tarar ana salati. Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, kuma shi kansa ya ce ya yafe mini tun kafin in roƙa. Ban ce ni na kashe shi ba. Amma watannin ƙarshen nan da ya yi a kwance ana juya shi, mai yiwuwa da a tsaye ya yi su da sandarsa, kuma na san wanda ya hana.

Layi taran nan na sake dasa su daga rassan waɗanda suka tsira, a shekara ta uku suka fara 'ya'ya. Matarsa ta zaɓi zama a gidan tare da 'ya'yanta, gonar ce ke ciyar da su yanzu, ni ma da kuɗin gonar na yi aure. 'Yan sari suna yaba inabinmu, ni kuwa na san ƙarfin da nake sawa bai kai rabin na wancan lokacin ba. Shi ya sa na rubuto, musamman saboda samari irina masu ji da ƙarfi, manoma ne ko masu karatu ko masu sana'ar hannu. Zafin nema ba ya kawo samu. Kada ka yarda da niyyar da kake ɗaurawa da yamma cikinka a ƙoshe, ba ita za ka tarar da asuba ba. Ni niyyata mai kyau ce, ƙaunar da nake yi wa ɗan'uwana ta gaskiya ce, amma ba su iya tashina daga barci ba. In akwai aikin da wani ya dogara da kai a kansa, ka tambayi kanka me zai kai ka wurin a ranar da himma ba ta zo ba, domin ranar tana nan tafe. Ka nemi mutumin da kake jin kunyarsa ka ɗaura aikinka da nasa. In ka ga wani tsari a hannun na gaba da kai da ya yi maka kama da wauta, ka tambaya kafin ka warware shi. In kuma ka yi fashi, ka faɗa tun da wuri, kada ka ce za ka rama a ɓoye a yini ɗaya.

Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya sa yayana a addu'a, Allah ya jiƙansa ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara, ni kuma a roƙa mini gafara. Ranar da na fara yanka daga sabbin layukan, na zaɓi masu kyau na kawo wa matarsa a ƙwarya. Ta karɓa ta yi mini godiya ta sa mini albarka, ta wanke, ta rarraba wa maƙwabta sadaka da sunansa, ko ƙwaya ɗaya ba ta kai bakinta ba. Shekara uku ke nan duk yanka haka take yi, kuma har yau ban samu ƙarfin halin tambayarta dalili ba.